Su wane ne ke jinyar bakwaini a Amurka?

Yau za mu kai ku nesa, ƙasar Amurka, mu shiga wani ɗaki na asibiti. Ɗakin na jarirai ne, waɗanda suka zo duniya kafin lokacinsu, ko suka zo da ciwo mai tsanani. A can an daɗe ana wata gardama. Shin launin fatar mai jinya, da harshen da take ji, da gidan da ta fito, suna da ruwa da rayuwar jaririn da ke hannunta? Wasu sun ce suna da ruwa. Wasu sun ce jinya ilimi ce, ilimi kuwa ba shi da launi. Gardamar tasu ce. Amma a cikinta akwai abin da ya shafi fatar ƴaƴanmu, shi ya sa muka kawo muku ita.

Ɗakin kwalba

Cikin mace yakan cika a sati 40. Jaririn da aka haifa kafin sati 37 bai kai lokacinsa ba. Mu muna ce masa bakwaini, ko da ba a wata bakwai daidai ya zo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai miliyon 13 da dubu 400 a duniya. Cikin haihuwa 10, ɗaya ke nan.

Jariri mai ƙoshin lafiya yakan zo da nauyin kilo 3 ko sama. Wanda bai kai kilo 2 da rabi ba, wato kusan tiya ɗaya ta hatsi, nauyinsa ya gaza. Akwai kuma waɗanda ba su kai kilo 1 da rabi ba. Su ne suka fi shiga haɗari. Huhunsu bai nuna ba. Ba su da kitsen da zai riƙe musu ɗumi. Ba su iya tsotson nono ba tukuna. Wani lokaci ma numfashinsu yakan tsaya, sai an taɓa su sannan su ci gaba.

Kwalbar da ake sa su ciki, asalinta daga wurin kaji ne. Wani likitan masu ciki na birnin Paris, mai suna Stéphane Tarnier, ya ga akwatin da ake ƙyanƙyasar ƙwai da shi ba tare da kaza ba. Sai ya sa aka ƙera masa irinsa, babba, da ruwan zafi a ƙarƙashi. A shekarar 1880 aka fara sa jarirai ciki. Mai kiwon kaji ba zai yi mamaki ba, don ya san sanyi yakan kashe ɗan tsako tun kafin yunwa ta same shi.

A Amurka, ɗaki na farko da aka keɓe don jinyar jarirai masu tsananin ciwo an buɗe shi a 1960, a garin New Haven. A 1963 matar shugaban ƙasar, John Kennedy, ta haifi ɗa kafin lokaci. Huhunsa ya kasa, ya rasu bai cika kwana 2 ba. Mutuwar ɗan shugaba ta sa aka zuba kuɗi da tunani cikin wannan fanni. Yau jariri irinsa, a can, kusan kullum yakan rayu.

Likita yakan zagaya ɗakin, ya duba, ya rubuta magani, ya wuce. Wadda ke tsaye dare da rana ita ce mai jinya. A asibitoci da yawa aikinta awa 12 ne a jere. In jariri ya yi tsanani, shi kaɗai za a ba ta, ko su biyu. Ita ke ba shi nono ta siririyar roba da aka zura ta hanci har ciki, kowace awa 2 ko 3, wani lokaci abin da bai cika ƙaramin cokali ba. Ita ke auna zafin jikinsa. Ita ke wanke hannu sau da yawa kafin ta taɓa shi, don ƙwayar cuta ɗaya ta ishe shi. Ita ce kuma ke magana da uwa, wadda ke zaune gefe, jiki ba ƙarfi, zuciya cike da tsoro.

Ƙasa ɗaya, rabo biyu

Amurka ƙasa ce mai arziki, amma jariranta ba su tashi da rabo ɗaya ba. Ga ƙidayar gwamnatinsu ta shekarar 2022. Cikin jarirai 1000 na farar fata, tsakanin 4 da 5 suka mutu kafin su cika shekara. Cikin jarirai 1000 na baƙar fata, kusan 11 suka mutu. Ya fi ninki biyu. Haihuwar bakwaini ma haka take: kashi 9 bisa ɗari da ɗan ɗori ga farare, kusan kashi 15 bisa ɗari ga baƙaƙe. A ƙasarmu mutuwar jarirai ta fi haka nesa, kowa ya sani. Amma abin lura a nan shi ne, gari ɗaya, gwamnati ɗaya, sakamako biyu.

Da farko wasu sun ce abin a jini yake, wai haka Allah ya yi baƙar fata. Likitoci biyu na birnin Shikago, Richard David da James Collins, suka bi maganar. Suka duba takardun haihuwa na jahar Illinois na shekara 15, suka buga abin da suka gani a 1997. Sun raba mata kashi uku: farare haifaffin Amurka, baƙaƙe haifaffin Amurka, da baƙaƙe waɗanda aka haifa a Afirka suka yi ƙaura zuwa can. Sai ga shi jariran matan Afirka sun yi kusa da na farare a nauyi. Sun fi na baƙaƙe haifaffin Amurka da kusan giram 250. Da a jini abin yake, da ƴaƴan matan Afirka ne za su fi kowa ƙanƙanta. Ashe zama ne. Talauci, da unguwar da aka tura mutum, da wulaƙancin da ya sha tun yana yaro, duk suna bin mace har ɗakin haihuwa.

Farare nawa, baƙaƙe nawa?

Cikin mutanen Amurka 100, kusan 13 baƙar fata ne. Kusan 19 kuma asalinsu daga ƙasashe masu jin Sifaniyanci ne, irin su Meziko. To, masu jinya fa? An yi ƙidaya biyu a 2022, ba su zo ɗaya ba. Ta farko ta ce cikin masu jinya 100 da suka yi cikakken karatu, 80 farare ne, 6 baƙaƙe, 7 masu asalin Sifaniyanci. Ta biyu, wadda gwamnati ta yi, ta ce 67 farare, 11 baƙaƙe, 9 masu asalin Sifaniyanci. Ko wadda mutum ya ɗauka, waɗanda ke kwance sun fi waɗanda ke tsaye yawan launi. A ɗakin kwalba tazarar ta fi fitowa fili, tunda jariran baƙar fata sun fi shiga cikinsa.

Wannan ba jiya ya fara ba. An hana bauta a Amurka a 1865, amma ba a buɗe wa ƴaƴan bayi ƙofar makaranta ba. Baƙar mace ta farko da ta samu takardar shaidar jinya ita ce Mary Eliza Mahoney, a birnin Boston, a 1879. Kafin a karɓe ta ta yi shekaru a asibitin nan tana wanki, tana dafuwa, tana shara. Bayanta makarantun jinya da yawa sun ci gaba da korar baƙaƙe. Babbar ƙungiyar masu jinya ta ƙasar ma, rassanta na kudu ba su karɓar su. Dole baƙaƙe suka kafa tasu ƙungiya a 1908. Sai a 1951 suka rushe ta, suka shiga babbar.

Asibitocin kansu a rabe suke, musamman a kudu. Ɗakin farare daban, na baƙaƙe daban, wani lokaci a ƙarƙashin gini. Wasu asibitoci ba su karɓar baƙi sam. A ƙauyukan kudu ungozomomi baƙaƙe ne suka riƙa karɓar haihuwa a gida, kamar yadda tsofaffinmu ke yi. Dokar daidaita ƴan ƙasa ta fito a 1964. A 1966 gwamnati ta fara biyan kuɗin maganin tsofaffi, ta ce asibitin da ya raba marasa lafiya ta launi ba zai ga ko kwabo ba. Cikin ƴan watanni dubban asibitoci suka cire allunan wariya. Abin da wa'azi bai yi ba cikin shekara 100, kuɗi ya yi shi kafin damina ta zagayo.

Allo ya sauka, amma halin bai sauka duka ba. A 2012, a garin Flint na jahar Mishigan, wata baƙar mace tana jinyar wani jariri a ɗakin kwalba. Ta yi shekara wajen 25 a wannan asibiti. Uban jaririn, farar fata, ya nemi shugabar ɗakin. Ya naɗe hannun riga ya nuna mata tambarin ƴan Nazi na Hitila da aka zana masa a fata. Ya ce kada baƙar fata ta ƙara taɓa ɗansa. Matar ta kai ƙara kotu a 2013. Cikin ƙararta ta ce an canza mata jariri, an kuma liƙa takarda a allon rabon aiki mai hana baƙaƙe kusantar wannan ɗa. Asibitin ya ce daga baya an gaya wa uban ba za a biya masa bukata ba. An sasanta a wajen kotu, aka biya ta diyya. Ku duba fa: hannun da ya ƙware shekara 25 aka janye daga jariri marar lafiya, don a faranta ran ubansa.

A 2022 aka fitar da sakamakon tambayar da aka yi wa masu jinya sama da 5000. Cikin baƙaƙen da suka amsa, 92 bisa ɗari suka ce su da kansu an nuna musu wariya a wurin aiki. A wannan shekara babbar ƙungiyar nan ta fito fili ta nemi gafara kan abin da ta yi wa baƙaƙe a baya.

Gardamar masana

A 2020 wasu masana huɗu suka buga wani bincike da ya yi amo. Sun duba haihuwa miliyon 1 da dubu 800 a jahar Fulorida, daga 1992 zuwa 2015. Suka ce idan likita baƙi ne ya kula da jariri baƙi, tazarar mutuwa tsakaninsa da jariri fari takan ragu da kusan rabi. Jaridu suka ɗauka. Har wata alƙaliya ta kotun ƙoli, Ketanji Brown Jackson, ta kafa hujja da shi a 2023. A shekarar nan ne kotun ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, ita kuwa ba ta yarda da hukuncin ba.

A 2024 wasu masana biyu, George Borjas da Robert VerBruggen, suka sake buɗe takardun nan na Fulorida. Suka lura da wani abu. Jarirai mafi ƙanƙanta, waɗanda ba su kai kilo 1 da rabi ba, sun fi faɗawa hannun likitoci farare. Su ne kuwa suka fi mutuwa, a hannun kowa suke. Da aka sa nauyin haihuwa cikin lissafi, sai bambancin ya ragu ƙwarai, har ba a iya rantsuwa da shi. Misalinsa kamar manoma biyu ne. An ba ɗaya fadama, an ba ɗaya tudu mai tsakuwa. Ranar girbi in ka auna damma kawai, za ka zagi na tudu a banza. Kuma a tuna, binciken nan kan likitoci aka yi shi, ba kan masu jinya ba.

Akwai wani labari mai ɗaci da ya kamata masu cewa launi ya isa su tuna. A jahar Alabama, daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnati ta bi maza baƙaƙe 600. Cikinsu 399 suna da tunjere. Ba a gaya musu sunan ciwonsu ba. Ko da fenisilin ya samu, an hana su, don a ga yadda ciwon ke cin mutum har ƙarshe. Wadda ta riƙe mutanen nan shekara 40, tana ɗaukar su a mota, tana sanin matansu da ƴaƴansu, mai jinya ce baƙa, sunanta Eunice Rivers. Sun amince da ita don tasu ce. Umurni daga sama yake zuwa mata, gaskiya ne. Amma amanar da launinta ya jawo, da ita aka cuce su. Sai a 1997 shugaba Bill Clinton ya nemi gafara da sunan gwamnati. Har yau akwai iyalai baƙaƙe da ke shiga asibiti da wannan labari a zuciya.

To, ina gaskiya take? A ganinmu babban rabonta yana wurin wata malama mai koyar da jinya a jami'ar Fensilbaniya, Eileen Lake. A 2015 ita da abokan aikinta suka kwatanta ɗakunan kwalba kusan 100. Suka ga asibitocin da suka fi karɓar jarirai baƙaƙe su ne suka fi ƙarancin masu jinya. A nan jarirai suka fi kamuwa da cuta cikin jini. A nan kuma aka fi sallamar jariri ba ya shan nonon uwa. A birnin Niyu Yok ma, wata likita mai suna Elizabeth Howell ta nuna a 2018 cewa kusan kashi 40 bisa ɗari na tazarar da ke tsakanin bakwainin baƙaƙe da na farare, daga asibitin da aka haife su take fitowa. Mai jinya ɗaya da aka ɗora wa jarirai fiye da ƙarfinta, fara ce ko baƙa, hannu biyu gare ta.

Abin da fata ke ɓoyewa

Duk da haka kada a ce launi ba ya cikin aikin jinya. Yana ciki, ta wata ƙofa. Nan ne maganar ta iso gidanmu.

Littattafan koyon jinya da na likita, yawancinsu a Turai da Amurka aka rubuta su. Hotunan da ke ciki na farar fata ne. An koya wa ɗalibi cewa jaririn da iska ta gaza masa yakan yi shuɗi, mai lafiya kuwa yakan yi jaja-jaja. Akwai wani awo da ake yi wa kowane jariri minti 1 da minti 5 bayan haihuwa. Wata likita, Virginia Apgar, ta tsara shi a 1952. Ana duba abu biyar: bugun zuciya, numfashi, ƙarfin jiki, motsi in an taɓa shi, da launin fata. Launin da ke cin cikakken maki shi ne jaja-jaja daga kai har ƙafa. A 2023 wata hukuma ta lafiya a Ingila ta duba wannan, ta ce kalmomin ba su dace da jarirai baƙaƙe ba, a gyara koyarwar. Kafin nan, a 2020, wani ɗalibin likita a London, Malone Mukwende, haifaffen Zimbabuwe, ya gaji da tambayar malamansa yadda ciwo ke bayyana a baƙar fata. Sai shi da malamai biyu suka haɗa ɗan littafi mai hotunan cututtuka a jikin baƙaƙe.

Na'ura ma ba ta tsira ba. Akwai wata ƙarama mai jar fitila da ake maƙala wa babba a yatsa, jariri kuwa a ƙafa ko a hannu. Tana auna yawan iskar oksijan da ke cikin jini, ta hanyar haske da ke ratsa fata. A 2020 likitocin jami'ar Mishigan suka kwatanta abin da take faɗa da abin da gwajin jini ya nuna, a jikin manya. Akwai lokacin da na'urar ke cewa lafiya lau, alhali iska ta yi ƙasa ƙwarai. Ga farare hakan ya faru kusan sau 4 cikin 100. Ga baƙaƙe kusan sau 12. Irin wannan na'ura ce ake kawowa asibitocinmu. Tana da amfani sosai, ba a ce a yar da ita ba. Amma mai jinya ta gari ba ta tsayawa kan lamba. Takan duba leɓe, da harshe, da dasashi, ta ƙirga numfashi.

Sai shawara. Jarirai da yawa sukan yi ta a kwanakin farko, bakwaini ya fi kowa. In ta yi yawa takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro kurma ko shanyayye. A farar fata rawaya takan fito fili. A fatar ƴaƴanmu takan ɓuya. Uwa, ki fito da jaririnki wurin hasken rana, a inuwa, ki duba farin idonsa da dasashinsa. Ki danna goshinsa ko kan hancinsa da yatsa, ki ɗaga, ki ga launin wurin. In rawaya ta bayyana tun ranar haihuwa, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, kada a kwana, a tafi asibiti. Haka in ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko yana numfashi da sauri, ko yana taune-taune da sanƙarewa.

Maganin shawarar jarirai, wato sa su ƙarƙashin shuɗiyar fitila, idon mai jinya ne ya gano shi. A 1956, a wani asibiti na Ingila, wata mai kula da bakwaini, Jean Ward, ta lura cewa inda haske ya taɓa a jikin jariri rawayar takan dushe. Likitoci suka bi sawun abin da ta gani, suka ƙera fitilar. Amma ranar Ingila daban, ta Tawa daban. Kada kowa ya shanya jariri a rana, za ta ƙone shi ta busar da ruwan jikinsa.

Wanda ya girma cikin baƙaƙe ya saba ganin yadda fuskar ƙanensa ke canzawa in ba shi da lafiya. Wannan sani ne, kuma ana iya koyar da shi. Amfanin tara masu jinya iri-iri a ɗaki ɗaya ke nan: wadda ta sani ta nuna wa wadda ba ta sani ba, kafin littafi ya iso.

Harshe da al'ada

Wasu masana na jahar Kalifoniya sun tattara labarai daga masu jinya, da likitoci, da iyaye, suka buga a 2018. Abu biyu suka yi ta fitowa. Na ɗaya, iyayen da ba su jin Ingilishi ba a cika tsayawa a yi musu bayani ba, don neman tafinta yana cin lokaci. Na biyu, ana yanke wa iyaye hukunci da ido. Uwar da ba ta zuwa kullum sai a ce ba ta damu ba, alhali wataƙila ba ta da kuɗin mota, ko za a kore ta daga aiki in ta yi fashi.

Wannan mun san shi. Ku ɗauki yarinya mai haihuwar fari a ƙasar Hausa ko a rugar Fulani. Ba ta kiran sunan ɗanta. Ba ta yi masa wasa gaban mutane. In surukarta na wurin sai ta kawar da kai. Baƙon da bai san kunyar ɗan fari ba zai rubuta cewa uwar nan ba ta son ɗanta. Ƴar gida kuwa ta san abin da za ta yi: ta ja labule, ta fitar da manya, sannan ta miƙa mata jariri.

Haka maganar dakashi, nonon farko mai kauri, wanda wasu tsofaffi ke cewa a matse a zubar. Shi ne rigakafin farko na jariri. Nonon uwa kuma yana kare bakwaini daga wani mugun ciwo mai ruɓar da hanji. Haka wankan da ake gaggawar yi wa jariri, wanda OMS ta ce a jinkirta shi har awa 24, don kada sanyi ya kama shi. Mai jinyar da ta yi wa kaka tsawa ta yi asara, domin in an koma gida maganar kaka ake ji. Wadda ta san gaisuwa, ta durƙusa ta ce "Inna, ga abin da ya sa", ita ke cin nasara.

Akwai aikin da sai da yardar uwa yake yiwuwa. A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, kwalabe suka yi wa wani asibiti kaɗan. Likita Edgar Rey ya ce a ɗora jariri tsirara a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a ɗaure da zane. Aka sa wa dabarar sunan kangaru, wata dabba mai goya ɗanta cikin jaka a gabanta. Goyo ne, amma a ƙirji. An gwada fara shi tun daga haihuwa a ƙasashe biyar: Najeriya, Gana, Malawi, Tanzaniya da Indiya. Sakamakon ya fito a 2021. Cikin jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa kusan kilo 1 da giram 800, mutuwa ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. A 2022 OMS ta ce a riƙa fara shi nan take. Uwar da ke tsoron taɓa ɗan da bai fi tafin hannu biyu ba, wa zai ba ta ƙarfin zuciya ta rungume shi awa da awa? Sai wadda ta ji harshenta.

Daga ina ake samo su?

Amurka tana cike giɓinta ta hanya biyu. Tana ƙoƙarin jawo ƴaƴan baƙaƙe da na sauran ƙabilu cikin makarantun jinya. Tana kuma ɗauko ƙwararru daga waje. Kusan 1 cikin masu jinya 6 a can, a wata ƙasa aka haife ta. Ƴan Filifin ne suka fi yawa. Ƴan Najeriya ma suna da yawa. Jaririn baƙar fata na Niyu Yok ya samu mai kama da uwarsa, madalla. Amma ƙasar da ta biya kuɗin karatun matar nan ta rasa ta. A 2023 OMS ta jera ƙasashe 55 da ma'aikatan lafiya suka yi wa ƙaranci ƙwarai, ta roƙi ƙasashe masu arziki su daina zuwa farautar ma'aikata a cikinsu. Nijar na cikin jerin, da Najeriya, da Gana.

Mu a nan bambancinmu na harshe ne. Masu jinyarmu da Faransanci suka yi karatu, a makarantun kiwon lafiya na Yamai da Damagaram da sauransu. Matan da ke zuwa gidan haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai, ko cibiyoyin uwa da ɗa na Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, wata Hausa take ji, wata Zabarmanci, wata Fulatanci, wata Buzanci, wata Barbarci. Ana tura ma'aikaci aiki inda ba a jin harshensa. Mai hankali cikinsu yakan koyi harshen wurin, ko ya nemi abokin aiki ya fassara.

Ke kuma uwa, ko kai uba, in an yi bayani ba ku gane ba, ku ce ba ku gane ba. Ba rashin kunya ba ne. Ku nemi a kira wanda ya ji harshenku. Ku tambayi nauyin jaririn na yau da na jiya. Ku tambayi sau nawa za a ba shi nono, da dare da rana. Ranar sallama, ku sa a rubuta muku ranar komawa awo cikin karne, da lambobi manya, ku karanta ta da bakinku gaban majo kafin ku fita.